Ramukan Yaƙi Na Kallo Da Tsofaffin Motocin Soja A Ƙasashen Turai

A ƙasashen Turai, musamman Ingila da Faransa da Beljiyam, akwai wata al'ada wadda baƙo zai yi mamakinta. Idan lokacin zafi ya zo, watau daga watan Yuni zuwa Satumba, sai ka ga magidanta masu sana'arsu, wani malamin makaranta, wani direba, wani akawu, sun rufe aiki ran Jumma'a da yamma sun nufi wani fili a bayan gari. A can za su haƙa dogon rami, su jera buhunan yashi a bakinsa, su ja waya mai ƙaya a gabansa, sa'an nan su sa kayan soja irin na shekara ta 1914 su shiga ciki su kwana. Kashegari jama'a za su zo da 'ya'yansu, su biya kuɗin ƙofa, su leƙa ramin, su ga ana dafa shayi a gwangwani, su ji ƙarar bindiga wadda albarushi ne kaɗai a cikinta babu dalma. A gefe guda kuma ga tsofaffin motocin soja da tankokin yaƙi, an wanke su an zuba musu mai, ana zagaya fili da su.

Kwaikwayon mutanen dā ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A hawan salla muna ganin 'yan lifidi da 'yan sulke irin na zamanin yaƙin dawakai, a Damagaram kuma ana wasan kara, inda samari ke kwaikwayon manya da kayan karan dawa. Amma wannan na Turawa yana da nauyi dabam, gama yaƙin da suke kwaikwaya ya ci sojoji wajen miliyan 9 zuwa 10 cikin shekara huɗu, jikokin waɗanda suka mutu kuwa suna cikin 'yan kallo. Saboda haka ya kamata mu tambaya: wannan abu tunawa ce, ko kuwa wasa ne da kabarin mutane? Tarihin al'adar da kansa zai taimake mu ga amsa.

Ramin na gaske

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi bayan an harbe Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya, a birnin Sarajevo ran 28 ga Yuni 1914. A watan Agusta Jamus ta ratsa Beljiyam ta nufi Paris, amma aka tare ta a bakin kogin Marne a watan Satumba. Daga nan kowane sashe ya ga cewa duk wanda ya tsaya a fili, igwa da bindiga mai ruwan harsashi za su share shi, sai suka shiga haƙa ƙasa. Kafin ƙarshen shekarar ramuka sun miƙe daga bakin tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar wajen kilomita 700.

Ramin yaƙi yakan kai zurfin mita 2, yadda mutum zai yi tafiya ba a hango kansa ba. Ba a haƙa shi a miƙe. Ana karkata shi nan da can kamar tafiyar maciji, domin idan bom ya faɗa a wani lungu kada ya kashe na lungu na gaba, idan kuma abokan gaba suka shigo kada su sami dogon layi su harbe kowa. Akwai ramin gaba, da na tsakiya, da na baya, da waɗansu ƙanana masu haɗa su, ta inda ake kawo abinci da harsashi, ake kuma fitar da masu rauni. Tsakanin ramin wannan sashe da na wancan akwai filin da ba na kowa ba, wani wuri faɗinsa mita ɗari biyu ko uku, wani wuri kuwa har ana jin tarin abokin gaba.

Zama a ciki shi kansa azaba ne. Ruwan sama yakan cika ramin har gwiwa, sai a shimfiɗa katakai a ƙasa. Ƙafar da ta kwana ta wuni cikin ruwan sanyi takan kumbura ta ruɓe, wani lokaci sai an yanke ta. Ƙwarƙwata ta cika tufafi, ɓeraye suna cin gawa suna bin kan masu barci. Ran 22 ga Afrilu 1915, kusa da garin Ypres a Beljiyam, Jamusawa suka saki iska mai guba, sojojin Faransa da na Aljeriya ne suka fara shaƙarta. Ran 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin kogin Somme, Ingila ta yi hasarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, matattun kaɗai 19,240. A rana ɗaya ke nan.

Ramin kallo tun ana cikin yaƙi

Mutane da yawa suna tsammani ramukan kallo abin zamanin nan ne. Gaskiyar ita ce an fara su tun harsashi bai daina tashi ba. Iyaye da matan aure a gida suna so su san irin wurin da mazajensu ke zaune, hukuma kuma tana bukatar kuɗi da sababbin sojoji. Sai aka haƙa ramukan nuni a lambun Kensington cikin birnin Landan, aka haƙa irinsu a Berlin. A garin Blackpool na bakin teku a Ingila, ramukan da aka yi domin horar da sojoji aka buɗe wa jama'a a 1916, mutum ya biya sisi ya shiga, sojoji masu jinyar rauni su zagaya da shi, kuɗin kuma ya tafi asibitinsu. Waɗannan ramuka a bushe suke, a share, bangonsu a miƙe, buhunan yashi a jere kamar tubali. Sojojin da suka zo hutu daga bakin daga, da suka gan su, dariya suka yi.

A watan Agusta 1916 aka fitar da fim na yaƙin Somme a Ingila, aka sayar da tikiti wajen miliyan 20 cikin mako shida. Yawancin hotunan na gaske ne, amma wurin da ya fi taɓa zuciyar 'yan kallo, inda sojoji ke fitowa daga rami waɗansu suna faɗuwa, a bayan daga aka shirya shi aka ɗauka. Daga ƙarshen 1917 kuma aka riƙa zagaya biranen Ingila da Sikotilan da tankokin yaƙi, a ajiye tanka a tsakiyar gari, jama'a su yi layi su ba gwamnati rancen kuɗin yaƙi ta ƙofarta. Birnin Glasgow kaɗai ya tara fiye da fam miliyan 14 cikin mako ɗaya a watan Janairu 1918. A Amurka ma, a birnin Chicago, an haƙa ramuka a wani fili a watan Satumba 1918, sojoji suna kwaikwayon faɗa kowace rana a gaban jama'a.

Mai karatu zai lura da abu ɗaya a nan. Ramin kallo na farko an yi shi domin ya kwantar da hankalin mutanen gida, ya sa su ba da kuɗi da 'ya'ya. Ya nuna siffar rami, ya ɓoye abin da ke faruwa a cikinsa. Wannan hatsari bai rabu da al'adar ba har wa yau.

Masu kwaikwayo na zamanin nan

Irin kwaikwayon da 'yan sa kai ke yi yanzu, a Amurka ya fi yin tushe. A 1913, shekara 50 bayan yaƙin Gettysburg na yaƙin basasarsu, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 daga sassan biyu suka taru a filin. Tsofaffin Kudu suka tako da sanduna ta hanyar da suka bi da bindiga a 1863, da suka isa katangar dutsen da aka yi kashe-kashe a kanta, sai suka miƙa wa tsofaffin Arewa hannu aka gaisa. Daga 1961, da aka cika shekara ɗari da fara wannan yaƙi, samari waɗanda ba su ga yaƙin ba suka karɓi wasan. A Ingila wani tsohon hafsa, Birgediya Peter Young, ya kafa ƙungiyar Sealed Knot a 1968 domin kwaikwayon yaƙin basasar ƙasarsu na ƙarni na 17. Daga baya aka sami ƙungiyoyi masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen duniya biyu. Wata a Amurka har ta mallaki fili kusa da garin Newville a jihar Pennsylvania, ta haƙa ramuka na dindindin da filin tsakiya. A yankin Kent na Ingila kuma, wani taron masu tsofaffin motocin soja da ya fara ƙarami a 1982 ya girma har ya riƙa tara dubban motoci a wata tsohuwar gona a Beltring.

Mai kwaikwayo na ƙwarai yana shan wahala a kan aikinsa. Shi ke sayen kayansa da kuɗin aljihunsa. Sai ya nemi irin ulun da aka yi rigar da shi, da irin maɓallinta, da yadda ake naɗe ƙafa da ƙyalle daga idon sawu zuwa gwiwa. Yakan koyi faretin wancan zamani, ya karanta wasiƙun sojoji, ya ci naman gwangwani da busasshen biskit irin nasu. Bindigogin kuwa hukuma na sa ido a kansu, ko dai an toshe su yadda ba za su yi harbi ba, ko kuwa mai su yana da lasisi kuma harsashin wofi kaɗai zai sa.

Gidajen tarihi su ma sun ɗauki wannan hanya. A garin Meaux kusa da Paris an buɗe babban gidan tarihin wannan yaƙi ran 11 ga Nuwamba 2011, a cikinsa an gina ramin Faransawa da na Jamusawa da filin tsakiya. A Zonnebeke ta Beljiyam, inda aka yi yaƙin Passchendaele daga 31 ga Yuli zuwa 10 ga Nuwamba 1917, baƙo yakan sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya fito ta cikin ramukan da aka sāke ginawa bisa tsarin Ingilishi da na Jamusawa. Amfanin wannan a bayyane yake. Gani ya kori ji. Yaron da ya ɗaga jakar soja da bindiga ya ji nauyinsu, ko ya tsaya a rami ya ga ba ya hango kome sai sama, ya fahimci abin da littafin makaranta ba zai shigar masa a kai ba.

Motocin da labarinsu

Tsofaffin motoci su ne suka fi jan jama'a, kowace kuwa tana da tarihinta. Wadda ta fi suna a Faransa ita ce tasi ƙirar Renault. A daren 6 da 7 ga Satumba 1914, Janar Gallieni, gwamnan soja na Paris, ya sa aka tattara tasi wajen 600 suka kwashi sojoji, biyar biyar a mota, zuwa bakin daga, tafiyar kamar kilomita 50. Direbobin sun bar mitar kuɗinsu tana gudu, baitulmali kuma ya biya su wajen faran 70,000. Labarin ya bazu cewa tasi ne suka ceci Paris. Masana tarihi kuwa sun nuna cewa sojojin da tasi suka ɗauka ba su wuce 6,000 ba, a yaƙin da ya haɗa mutum wajen miliyan 2. Abin da tasi suka yi shi ne ƙarfafa zuciyar jama'a. Ana iya ganin irinsu a gidan tarihin soja na Paris da na Meaux.

Landan kuma bas ta aika. Wajen 900 daga cikin bas-bas masu hawa biyu na birnin aka tsallakar da su Faransa da Beljiyam tare da direbobinsu. Na farkon sun tafi da jan fentinsu da allunan talla a jiki, daga baya aka shafe su da launin kaki aka toshe tagogin da katako. Waɗansu ma aka mai da su akurkin tattabaru masu kai saƙo. A watan Satumba 2014 gidan tarihin sufuri na Landan ya gyara ɗaya daga irin waɗannan bas, ya zagaya da ita filayen yaƙin Faransa da Beljiyam. A yaƙin Verdun na 1916 kuwa, hanya ɗaya mai wajen kilomita 75 daga Bar-le-Duc ita ta riƙe rundunar Faransa. Manyan motoci fiye da 3,000 suna bin ta dare da rana, dubban leburori, har da na ƙasashen mulkin mallaka, suna zuba tsakuwa a ƙarƙashin tayoyinsu.

Sai tankar yaƙi. Ingila ce ta ƙera ta domin ta taka waya mai ƙaya ta haye rami. Don kada asiri ya tonu aka ce tankin ruwa ake ƙerawa, sunan kuma ya bi ta. An fara shiga yaƙi da ita ran 15 ga Satumba 1916 a Somme. Daga cikin 49 da aka tanada, da yawa sun lalace tun ba su kai bakin daga ba. Mutum takwas ke cikinta tare da injin a ɗaki ɗaya, ga zafi ga hayaƙi ga ƙara, gudunta kuwa bai wuce kilomita 6 a awa ba, watau tafiyar mutum mai sauri. Gidan tarihin tankoki na Bovington a kudancin Ingila yana da motocin yaƙi wajen 300, har da ta gwaji ta farko ta 1915, yana kuma yin bikin nuna su a watan Yuni. Amma tankar Yaƙin Ɗaya da 'yan kallo ke gani tana tafiya a filin, sabuwa ce da aka ƙera domin wani fim na 2011, gama na ainihin sun tsufa, ƙarfensu ba zai jure ba. A nan ma ake ajiye da tankar Jamus mai suna Tiger 131, wadda aka kama a Tunisiya a watan Afrilu 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da wasa ba ya iya nunawa

Kome ƙoƙarin mai kwaikwayo, akwai iyakar da ba zai wuce ba. Raminsa ba ya wari. Wanda ya faɗi a filin wasa zai tashi idan an busa usur, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi shan shayi. Ba a iya kwaikwayon tsoron mutumin da ya yi kwana bakwai ana yi masa ruwan bom, ko kukan mai rauni da ya kwana biyu a filin tsakiya ba mai iya ɗauko shi. Yaro zai iya komawa gida da tunanin cewa yaƙi ƙarar inji ne da kyakkyawan kaki. Har wa yau akwai gardama a kan masu sa kayan sojojin Hitler, musamman na rundunar SS wadda ta yi kisan gilla. A Jamus doka ta hana nuna alamar 'yan Nazi a bainar jama'a, waɗansu masu shirya taro a wasu ƙasashe kuma ba sa karɓar masu irin wannan shiga.

Ƙasar da aka yi yaƙin a kanta ta fi kowane wasa faɗin gaskiya. Kilomita kaɗan daga ramukan nuni na Zonnebeke akwai maƙabartar Tyne Cot mai kaburbura kusan 12,000, fiye da 8,000 daga cikinsu ba a san sunan mai su ba. A Douaumont kusa da Verdun an tara ƙasusuwan mutum wajen 130,000, Faransawa da Jamusawa a gauraye. Ƙauyen Fleury da ke nan kusa an shafe shi ƙaf, ba a sāke gina shi ba. Manoman Beljiyam da arewacin Faransa har yanzu garmarsu tana tono bama-baman da ba su fashe ba, su ajiye a bakin gona sojoji su zo su kwashe. A watan Maris 2014 irin wannan bom ya kashe ma'aikata biyu a Ypres, shekara ɗari bayan fara yaƙin. A ƙofar Menin ta wannan gari, wadda aka buɗe a 1927 ɗauke da sunayen sojoji fiye da 54,000 da ba a ga gawarsu ba, ana tsai da motoci kowace rana da ƙarfe 8 na dare a busa begila. Tun 1928 ake yi, ba a fasa a nan ba sai lokacin da Jamus ta mamaye garin daga 1940 zuwa 1944.

Waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun ƙare. Lazare Ponticelli, na ƙarshe a sojojin Faransa, ya rasu a watan Maris 2008. Harry Patch, na ƙarshe a sojojin Ingila da suka zauna a rami, ya rasu a watan Yuli 2009 yana da shekara 111. An yi masa rauni a Passchendaele a 1917, bai kuma yarda ya yi zancen yaƙin ba sai da ya kai shekara ɗari. A 2004 ya koma Beljiyam ya gaisa da wani tsohon sojan Jamus mai suna Charles Kuentz. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Tun da ba sauran mai cewa ni na gani, nauyin da ke kan masu nuni ya ƙaru, gama abin da suka nuna shi yara za su ɗauka.

Akwai misali ɗaya na kwaikwayon da ya kai mutane inda ya kamata. A watan Disamba 1914 Paparoma Benedict na 15 ya roƙi masu yaƙi su dakata domin Kirsimeti, shugabanni suka ƙi. Amma a daren Kirsimeti, a wurare da dama, sojoji da kansu suka daina harbi. Jamusawa suka kunna kyandir a bakin raminsu suna waƙoƙin haihuwar Almasihu, Ingilishi suka amsa da nasu, da gari ya waye suka fito filin tsakiya suka yi musayar taba da abinci, suka binne matattunsu. Kusa da Fleurbaix an yi jana'iza tare, aka karanta Zabura ta 23 da Turanci da Jamusanci. Manyan hafsoshi suka yi fushi, suka tsananta umarni domin kada a sāke. A watan Disamba 1999 waɗansu 'yan Ingila masu kiran kansu Khaki Chums suka je kusa da Ploegsteert a Beljiyam, ɗaya daga wuraren da abin ya faru, suka haƙa rami suka yi Kirsimeti a ciki cikin sanyi da laka. Da za su tafi suka kafa gicciyen katako. Mutanen wurin suka adana shi suka yi masa gindi da siminti, ya zama wurin da baƙi ke tsayawa su tuna ranar da aka ajiye bindiga.

Waɗanda ba a cika gani a filin wasa ba

Mai kallon waɗannan wasanni zai iya zaton Turawa kaɗai suka yi yaƙin. Ga shi kuwa sojan da ake cewa shi ya yi harbin farko a rundunar Ingila duka, Alhaji Grunshi ne, na rundunar Gwalkwas, watau Gana ta yau, a ƙasar Togo cikin watan Agusta 1914. Wannan runduna daga 'yan sandan da ake kira Hausa ta samo asali, a rundunar Nijeriya kuma da Hausa ake ba da umarni. A arewacin Kamaru an yi yaƙin rami sosai. Jamusawa da sojojinsu, galibinsu 'yan Afirka, sun kewaye Garwa da ramuka da waya mai ƙaya. Rundunar Nijeriya ta kai hari a ƙarshen Agusta 1914 aka kore ta, shugabanta ya mutu a nan. Sai da aka hau da manyan igogi ta kogin Binuwai, Ingilishi da Faransawa suka haɗa ƙarfi, sa'an nan Garwa ta faɗi ran 10 ga Yuni 1915. A kan dutsen Mora kuwa, Kyaftin von Raben da mutanensa sun jure kewaye da yunwa daga Agusta 1914 har 18 ga Fabrairu 1916. Bayan wannan aka kai sojojin Nijeriya da na Gwalkwas Afirka ta Gabas tare da dubban 'yan dako, inda cuta ta kashe fiye da harsashi.

Faransa ita kuma ta ɗebi mutum wajen 200,000 daga ƙasashenta na Afirka ta Yamma, har da Nijar, ko da yake duka sojojin Senegal ake ce musu. Kusan 30,000 ba su komo ba. Suna cikin waɗanda suka ƙwato sansanin Douaumont ran 24 ga Oktoba 1916. Ran 16 ga Afrilu 1917 aka tura su gaba a tudun Chemin des Dames cikin ƙanƙara, hannuwansu sun sandare don sanyi, dubbai suka faɗi. Na ƙarshensu da aka sani, Abdoulaye Ndiaye na Senegal, ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1998, ana gobe za a rataya masa lambar girma ta Faransa. Gunkin tunawa da aka kafa musu a birnin Reims a 1924, sojojin Hitler suka tumɓuke shi a 1940. Tagwayensa na Bamako ya tsira, da shi aka yi koyi aka sāke gina na Reims, shugabannin Faransa da Mali suka buɗe shi a watan Nuwamba 2018. A watan Afrilu 2021 kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masarawa, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ta kuma nemi gafara.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A gidaje da yawa a Garwa da Marwa, da Damagaram da Maraɗi, da zangon Kumasi, akwai kaka ko kakan kaka da ya sa kaki, wani a yaƙin Jamus na farko, wani a yaƙin Bama. Ba mu da filin wasa ko tsohuwar tanka da za mu wanke. Amma akwai lambar ƙirji a ƙasan adaka, da takardar sallama, da sunan da tsohuwa ɗaya kaɗai ta rage tana tunawa. Idan ba a tambaye ta an rubuta ba, zai bi ta kabari.

To, mene ne hukuncin ramin kallo? Tarihinsa ya nuna yana iya yin aiki iri biyu. A 1916 an yi amfani da shi domin a ƙawata yaƙi a karɓi kuɗi da samari, zai kuwa iya sāke yin wannan aiki duk lokacin da aka tsaya ga ƙarar bindiga da ƙyallin mota. Amma idan mai nunin ya gaya wa yaro abin da ramin ba ya nunawa, ya faɗa masa mutum nawa suka shiga da nawa suka fito, ya ambaci Bajamushe da Bafaranshe da mutumin Mora da na Bamako, sa'an nan ya nuna masa hanyar maƙabarta, to, ya yi aikin malami. Ma'aunin shi ne abin da yaron zai faɗa a hanyar komawa gida. Idan ya ce yana so ya hau tanka, an yi masa wasa ne kawai. Idan ya tambayi ubansa sunan kakansu da ya tafi bai dawo ba, da dalilin da ya sa aka tura shi, to, kuɗin ƙofa bai tafi a banza ba, gama daga irin wannan tambaya ce mutum ke gane abin da ya sa magabata suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.